Ana yaba zanena amma ba a ba ni aiki: amsa ga mai son zanen littattafan yara

Wata baiwar Allah ta aiko min da tambaya. Ta ce shekararta biyu da gama karatun zane a Zariya, tana saka ayyukanta a Instagram, kullum ana ta "Masha Allah" da "Allah ya ƙara basira", amma har yau ba wanda ya ba ta aikin littafi ko ɗaya. Tana so ta san wa za ta nema, ina za ta je, kuma ko zanen littattafan yara sana'a ce da za ta riƙe mutum.

Ƙanwata, kafin in ba ki amsa sai da na leƙa shafin naki. Hannunki yana da kyau, wannan ba fadanci ba ne. Amma abin da na tarar fuskoki ne: budurwa da ƙunshi, dattijo da rawani, yaro yana murmushi, kowa shi kaɗai, kowa ya zuba wa mai kallo ido. Irin wannan a falo ake rataye shi. Edita ba shi yake nema ba. Shi yarinya guda yake so, wadda za ta fito sau ashirin a littafi ɗaya, nan tana gudu, can tana kuka, gaba ta juya baya tana leƙen ƙarƙashin gado, kuma a kowane shafi ɗan shekara biyar ya gane ita ce ba tare da an faɗa masa ba. Yana so ya ga akuya ta tsinke igiya, ya ga kasuwa da mutum goma sha biyar kowa da abin da ya dame shi, ya ga dare da hasken aci-balbal. Saboda haka kafin maganar wa za ki sani, sai kin tanadi abin da za ki nuna masa in kun haɗu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Littafin hotuna yawanci shafi 32 ne. Ba camfi ba ne, daga madaba'a abin ya samo asali: a kan babbar takarda ake buga shafi 8 ko 16 lokaci guda, a naɗe, a yanke, shi ya sa za ki ga 24 ko 32 ko 40 amma ba za ki ga 29 ba. In an cire shafin suna da na haƙƙin mallaka, abin da ya rage wa labari bai wuce buɗi 12 zuwa 14 ba, wato shafi biyu-biyu masu kallon juna. A cikin wannan ɗan fili za ki san inda za ki ɓoye kura don yaro ya buɗe shafi ya yi tsalle. Duk editan da ya ga kin san wannan lissafin zai zauna ya saurare ki.

Yanzu ga tambayar wa ke ba da aiki. A Amurka da Ingila, a manyan kamfanoni, ba marubuci ke zaɓar mai zane ba. Edita ne da shugaban sashen zane suke haɗa su, kuma sau da yawa marubucin da mai zanen ba sa ko ganin juna har littafi ya fito. Mu nan abin ya sha bamban, ƙofofin kuma ba su da yawa. Akwai kamfanonin littattafan makaranta, irin su University Press da Evans da HEBN a Ibadan, Learn Africa da Lantern Books a Legas, da NNPC, kamfanin buga littattafai na Arewa da ke Zariya, da aka kafa a 1966. Akwai 'yan ƙalilan masu buga littafin yara don jin daɗin karatu, kamar Cassava Republic da Bibi Bakare-Yusuf ta kafa a Abuja a 2006, a Yamai kuma akwai Gashingo mai buga littattafai da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan Nijar. Akwai shirye-shiryen koyar da karatu na ƙungiyoyin tallafi, irin Mu Karanta da aka yi a Bauci da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, waɗanda suka fitar da littattafan Hausa na 'yan firamare masu ɗauke da hotuna. Wannan ƙofa ta ƙuntata sosai tun da gwamnatin Amurka ta rufe USAID, hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje da ta riƙa ɗaukar nauyin irin waɗannan shirye-shirye, a 2025, don haka kada ki gina rayuwarki a kanta. Sai kuma ƙofar da ta fi kowacce cunkoso: marubuci mai buga littafinsa da kuɗin aljihunsa, ko mai makarantar kuɗi da yake son littafi mai ɗauke da sunan makarantarsa. Da wuya aikinki na farko bai fito daga nan ba.

Ga abin da ba a faɗa mana a jami'a ba. Na shekara kusan ashirin a wannan aiki, kuma in na zauna na lissafa inda ayyukana suka fito, yawancinsu ba daga manajan daraktan kowane kamfani ba ne. Daga bakin mai tsara shafi suka fito, wato yaron nan da ke zaune gaban kwamfuta a madaba'a yana jera rubutu. Marubuci zai kawo masa labari ya ce, "Af, ga shi kuma ina son hotuna, ka san wani mai zane?" Sunan da ya faɗo daga bakinsa a wannan minti shi ne zai ci aikin. Kuma ba sunan wanda ya fi kowa iya zane yake faɗa ba. Sunan wanda bai taɓa ba shi ciwon kai ba yake faɗa: wanda ya kawo hoto da girman da aka ce, da kaifin ɗigo 300 a kowane inci, ya bar rarar milimita 3 a gefe don wuƙar yanka, bai sa fuskar yaro a tsakiyar naɗi inda ɗinki zai cinye masa hanci ba. Ki je madaba'u da ƙafarki, ki gaisa da waɗannan mutane, ki tambaye su abin da masu zane ke yi da yake ɓata musu rai. Za su faɗa miki har da ƙari, don ba kasafai ake tambayarsu ba.

Hanya ta biyu 'yan'uwanki masu zane ne. Sabon shiga yakan ɗauke su kishiyoyi, kuma kuskure ne babba. Littafi guda yana cin wata biyu zuwa huɗu in za a yi shi da kyau, mutum ɗaya ba ya iya ɗaukar uku lokaci guda. Duk mai zanen da ya kafu yana mayar da aiki, kuma kafin ya mayar sai an tambaye shi wa zai ba da. Ni kaina akwai matasa uku da nake tura wa abin da ya fi ƙarfina. Ba don sun roƙe ni ba. Ɗayansu littafina ya saya, ya zo ya nuna min shafin da na yi kuskuren inuwa, cikin ladabi, kuma gaskiyarsa ce. Tun ranar na san idonsa a buɗe yake.

Na san abin da ke hana irinmu motsi. An raine mu da cewa yabon kai jahilci ne, ga kunya, ga tsoron kada a ce mutum ya cika cusa kai. To nuna aiki daban, yabon kai daban. Mai tallan fura ba ta cewa ta fi kowa iya damu, buɗe ƙwarya kawai take yi. Ki nemi adireshin imel na editan, ki rubuta layi huɗu ko biyar: ga sunana, ga garin da nake, ina zanen littattafan yara, ga hoto uku, ga inda za a ga saura. Shi ke nan. Kada ki aika "Slm" ta WhatsApp da sha ɗayan dare ki zauna jiran a ce "Wslm" kafin ki faɗi abin da ya kawo ki. Kada ki ba da labarin yadda kike son zane tun kina 'yar aji biyu, kowa haka yake cewa. In ba a amsa ba, ba wulaƙanci ba ne, yawanci ba littafi a ƙasa ne a lokacin. Bayan wata uku ko huɗu ki sake aikawa da sabon hoto. Akwai editar da sai da na shekara biyu ina aika mata kafin ta kira ni, ta ce min duk hotunan suna nan ta adana, labarin da ya dace da hannuna ne bai zo ba sai yanzu.

Taruka kuwa, ki fara da na kusa. Ƙungiyar marubuta ta ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma zaman karatunsu cike yake da masu labari a hannu da ba su san mai zane ko ɗaya ba. Ke kaɗai za ki kasance mai fensir a ɗakin marubuta arba'in. A Kaduna an fara bikin littattafai na KABAFEST a 2017, an kuma fara HIBAF, na littattafai da fasahar Hausa, a 2021. Legas tana da baje kolin littattafai na ƙasa da ƙasa da akan yi a watan Mayu, inda kamfanonin da na lissafa suke kafa rumfuna. In za ki je, ki buga kati mai girman tafin hannu, hoto a gaba, suna da lamba a baya. Waya takan mutu, intanet yakan ƙi, amma kati yana kwana a aljihun mutum ya tashi da shi. Kuma da yake ke mace ce, bari in faɗa miki abin da zan faɗa wa 'yar cikina: maganar aiki a ofis ake yin ta da rana, ko a gidan abinci a bainar jama'a, in da hali ki tafi da 'yar rakiya. Wanda ya ce sai a otal zai duba zanenki ba zanen yake son gani ba.

Za ki ji ana ta ambaton Bolonya. Gari ne a Italiya inda ake baje kolin littattafan yara mafi girma a duniya tun 1964, wajen watan Maris ko Afrilu. Tun 1967 suke da nunin ayyukan masu zane, hoto biyar mutum yake aikawa alƙalai su tace. Akwai kuma doguwar katanga da masu zane ke liƙa katunansu har wani ya hau kan wani. Na je sau ɗaya. Na ga 'yan Koriya da Iran da Ajantina a layi riƙe da jakunkunan zane, kowa yana jiran minti biyar da edita, kuma na dawo jikina ya yi sanyi, don na ga inda duniya ta kai. Ya amfane ni, amma shawarata kada ki sayar da komai naki don ki je yanzu. Ga wahalar biza, ga kuɗin jirgi da masauki, ga shi ainihin cinikin da ake yi a can tsakanin kamfanoni ne, suna sayar wa juna izinin fassara. Ki aika hoto biyar ɗinki daga gida. Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma tana da nunin zanen littattafan yara a bikin karatunta na shekara-shekara, ki riƙa bibiyar sanarwarsu. Ƙungiyar marubuta da masu zanen littattafan yara ta SCBWI da aka kafa a Amurka a 1971 tana da amfani ga mai neman shiga kasuwar Turai da Amurka, sai dai da dala ake biyan kuɗin zama ɗan ƙungiya, ki auna aljihunki.

Akwai wata hanya ta samun littafi mai sunanki tun kafin kowa ya ɗauke ki aiki. African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya rumbuna ne na littattafan yara kyauta a intanet, kuma duka biyun suna da na Hausa. Book Dash, su ma 'yan Afirka ta Kudu, tun 2014 suke tara marubuci da mai zane da mai tsara shafi su haɗa littafi cikin awa 12, aikin sa kai. Amma ki gane sharaɗin: abin da aka saka a irin waɗannan wurare an yarje wa kowa ya ɗauka, ya fassara, ya buga, muddin ya ambaci sunanki. Sadaka ce kika yi da saninki. Wannan daban yake da mai kuɗin da zai ce ki yi masa kyauta wai zai tallata ki.

To, maganar kuɗi. A manyan kamfanonin waje akan ba mai zane kafin alƙalami, sannan kaso daga kowane kwafi da aka sayar bayan cinikin ya maido da abin da aka ba shi. Abin da aka saba a littafin hotuna mai bango mai tauri shi ne kashi 10 cikin ɗari, marubuci 5, mai zane 5. Dillalin marubuta yakan ɗauki la'adar kashi 15, dillalin masu zane kuwa 25 zuwa 30. Mu nan kusan kullum jinga ce: a yi ciniki, a biya, a rabu. Ban ƙi jinga ba, don kason cinikin da ba wanda zai nuna miki lissafinsa tatsuniya ce. Amma ki raba kuɗin uku: kashi ɗaya kafin ki taɓa fensir, ɗaya in an amince da zanen fensir, ciko ranar da za ki miƙa aiki, kuma kada cikakken hoton ya bar kwamfutarki sai cikon ya shigo. Ki rubuta sau nawa za a yi gyara. Ni sau biyu nake yarda a matakin fensir, sau ɗaya bayan an sa launi, abin da ya wuce haka sabon ciniki ne. In ba haka ba, za ki gama shafi 28 sannan uwargidan marubuci ta ce ita da rigar yarinyar ja ce da ta fi.

Kuma ki sa komai a takarda, ko da da ɗan'uwa ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ce mallaka wa wani haƙƙin aikinki sai a rubuce. Don haka ki karanta abin da ake miƙo miki. Kin ba da izinin buga wannan littafin ne kawai, ko kin sayar da hotunan gaba ɗaya har abada? Farashin biyun ba ɗaya ba ne. Ni da tsada na koyi wannan. Wani abokin kawuna ne ya kawo min littafin tarbiyya, na yi masa hoto 26. Da na ɗauko maganar takarda sai ya yi dariya ya ce, "Haba ɗana, ni da kai har sai mun yi rubutu?" Kunya ta kama ni na yi shiru. Rabin kuɗi ya biya, saura aka bi ni da "Allah ya yi albarka". Bayan shekara uku na ga yarana da na zana a bangon littattafan rubutu ana sayarwa a kasuwa, an kuma sake buga littafin ba sunana a ko'ina. Da na kai ƙara wajen kawu sai aka ce in yi haƙuri, babba ne. Haƙurin na yi. Sunanki a bango, ba a can cikin shafin godiya ba, shi ma ki rubuta shi a yarjejeniya, don shi ne tallan da zai kawo miki aiki na gaba.

Kada in ɗora wa wasu laifi in ɓoye nawa. Na taɓa karɓar littafin makaranta na yi alkawarin ƙarshen Yuni, na kai shi tsakiyar Agusta. A ganina mako shida ba wani abu ba ne, tunda aikin ya yi kyau. Ban lissafa cewa makarantu a Satumba suke komawa ba, kuma littafin da bai isa kanti kafin iyaye su yi sayayya ba sai ya jira baɗi. Ba su yi min faɗa ba. Sun biya ni, suka yi godiya, ba su sake kirana ba har yau, kuma na san sun faɗa wa wasu, domin masu wannan harka ba su da yawa, duk sun san juna. In kin ga ba za ki cika alkawari ba, ki faɗa tun da sauran wata guda, ba ranar da aka zo karɓa ba.

Wani abu da ya shafe mu musamman: fatar yaranmu. Launin da kike gani a allon kwamfuta haske ne, na madaba'a kuwa tawada huɗu ce ake haɗawa, kuma takarda mai arha tana shan tawada ta baje. Ruwan ƙasa mai kyau da kika zaɓa sai ya fito baƙi ƙirin, ido da baki su ɓace. Ki riƙa sa launin fata ya ɗan fi yadda kike so haske, ki rage baƙar tawada a cikinsa, kuma ki nace a buga miki gwaji a kan ainihin takardar da za a yi aiki da ita. Ranar bugu in an bar ki ki tsaya kusa da injin. A nan ma za ki ƙara sabo da mutanen da na ce miki su ne masu ba da sunan mai zane.

Sai maganar zanen mai rai, wadda ba makawa za ki ci karo da ita. Fatawa aikin malamai ne. Nawa shi ne in ce ki tambaya tun ranar farko: ana son fuska da ido da baki, ko ba a so? Wasu masu littattafan Islamiyya ba sa so, kuma haƙƙinsu ne. Kada ki raina irin wannan aiki. Nuna fushi ko murna da kafaɗa da hannu da yadda yaro ya tsaya, ba tare da fuska ba, makaranta ce mai zaman kanta, kuma duk wanda ya iya ta zanensa na fuska ma sai ya ƙaru.

Ko sana'ar za ta riƙe ki? A shekarun farko, ita kaɗai, a'a. Kusan duk wanda na sani yana haɗawa da wani abu: koyar da zane a makaranta, bangon littattafan manya, fastocin wayar da kai na asibitoci, tambarin 'yan kasuwa. Ni shekara bakwai ina koyarwa da safe ina zane da dare kafin in ajiye alli. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo, masu neman arha sun fara komawa can, kuma ƙananan ayyukan da muke cike giɓi da su sun ragu, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai ki ce mata ta zana gidan Bahaushe ki ga abin da za ta ba ki. Ba ta san zaure ba, ba ta san inda ake ajiye buta ba, ba ta san bambancin ɗaurin ɗankwalin amarya da na kaka ba. Ki ɗauki littafin zane ki zauna a tsakar gidanku, ki je kasuwar Kurmi, ki zana rumbu da turmi da kurtun magani da yaro mai garwa. Wannan shi ne kayan da edita a Abuja ko Landan ba zai samu a wajen kowa ba sai irinki.

Ga aikin da zan ba ki. Ki ɗauki farar takarda guda 8, ki naɗe su biyu, kin sami ɗan littafi mai shafi 32. Ki zaɓi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi guda ɗaya da kika ji a bakin kakarki, ki raba ta shafi-shafi da fensir, zane na gaggawa, ba ado. Ki karanta wa yara uku 'yan ƙasa da shekara bakwai, ki lura da inda suka miƙa hannu su buɗe gaba da inda suka fara kallon ƙofa. Ki gyara, sannan ki gama buɗi uku da launi. Su za ki sa a saman shafinki, fuskokin nan su koma ƙasa. In kin gama ki turo min. Hannaye da ƙafafu zan fara dubawa, don na lura duk mutanen da kika zana ko hannunsu na cikin aljihu ko hoton ya ƙare a ƙirji.